Kafin ka ba dodonka ido dubu

Ranar Lahadi bayan La'asar, a bayan wani shagon gyaran waya da ke Agege, na tsaya ina kallon ɗan 'yar'uwata yana jan wasan labari da abokansa biyar. Dungeons & Dragons suke yi, wasan tebur ɗin nan da mutum ɗaya ke riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ana jefa ɗan ludo mai fuska 20 don a ga ko abin da jarumi ya nufa ya yiwu. Labarin da ya tsara shi ne 'yan Adam za su yaudari wasu manyan halittu masu mulkin sama, waɗanda littattafan wasan ke kira alloli, masu ganin kusan duk abin da ke gudana. Yaran sun kwashe minti arba'in suna ƙulla dabara a gabansa, suna zana taswira a bayan kwalin caja. Da suka zo aiwatarwa sai ya gyara zama ya ce, "Ai ya riga ya sani." Wanda ya fi kowa magana a cikinsu ya kife takardar jaruminsa a kan tebur, ya ciro waya, bai ƙara cewa uffan ba har aka kira Magariba. A hanyar masallaci ɗan nawa ya ce, "Kawu, yaya ka gani?" Na ce masa sai mun zauna, domin abin da ya yi ni ma na yi shi, kuma da shi na kashe wani wasa da na ja na zama goma sha huɗu.

Tun daga suna nake farawa. A teburina ba a ce musu alloli, iskoki muke ce musu, ko sarakunan iska. Sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai, kuma ba na son bakin yaro ya saba da wani abin daban ko da wasa ne. Amma sunan yana da amfani har a tsarin labari, don yana tuna wa mai riƙe da shi cewa halitta yake rubutawa, halitta kuwa tana da iyaka. Mu da muka tashi da labarin aljanun Annabi Sulaimanu, alaihissalam, waɗanda suka ci gaba da aikin wahala ba su san ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa, bai kamata a koya mana wannan ba. Na san shi sarai, duk da haka na manta da shi a lokacin da na zauna rubutu.

Kuskurena na farko shi ne na mayar da kunnena kunnen iskan. Mai riƙe da labari yana jin duk abin da 'yan wasa ke shiryawa, tunda a gabansa suke magana. Duk dabarar da suka ƙulla sai in sa sarkin iska ya tare ta tun kafin ta motsa. Suka ɓoye takarda a cikin tulu, ya aiko a fasa tulun. Suka yi magana da alama, ya san alamar. A raina cewa nake ina gina masa kwarjini, kuma har yau ina ganin akwai gaskiya a nan: halittar da aka ce tana ganin duniya, idan yara biyar suka ruɗe ta a zama na biyu, ai ta zama Ƙoƙi a hannun Gizo, ba wanda zai sake jin tsoronta. Sai dai ban taɓa rubuta ta wace hanya ya sani ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa ba shi da gefe, ba shi da ƙofa, ba a iya kewaye shi. A zama na shida mutanena suka daina shiri gaba ɗaya. Mutum ya taso daga Mile 12 ko Idi-Araba, ya sha cunkoso a danfo, ya zauna awa uku, a ƙarshe a ce masa duk abin da ya yi tunani an riga an sani. Me zai dawo yi?

Da na ga tebur yana mutuwa sai na koma ga ɗan ludo, wanda shi ne kuskure na biyu. Na ce to, a jefa gwajin yaudara, ma'aunin wahala 30, lambar da jifa da ƙarin jarumi za su kai kafin abu ya yiwu, wato mataki mafi tsanani a jadawalin littafin wasan bugu na biyar na 2014, wanda ya fara daga 5 yana hawa biyar-biyar. A yi lissafi. Jarumi mawaƙi a mataki na 5 (jarumai na hawa har mataki na 20) mai makin farin jini 18 yana da ƙarin 4 a kan jifarsa, ƙwarewarsa ta 3 idan an ninka ta zama 6, jimla 10. Sai ya jefo 20 cif kafin ya kai 30, wato kashi 5 cikin ɗari. Ko an ba shi jifa biyu ya ɗauki mafi girma, bai kai kashi 10 ba. Wannan caca ce. Idan ya faɗi, an yi asarar shirin wata guda a daƙiƙa ɗaya. Idan kuma ya ci, abin ya fi muni, don ba wanda ya ji cewa wayonsa ne ya yi aiki, robar da ta gangara a kan tebur ce ta yi. Na kare kaina a lokacin da cewa doka na bi. Dokar ba ta ce a jefa wa kowane abu ɗan ludo ba, ni ne na ɓuya a bayanta.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin da niyyar gyara na yi shi. Na ba su laya wadda duk mai ɗauke da ita iska ba ya ganinsa. Zama biyu suka yi murna, daga nan labari ya zama na mutanen da ke yawo ba mai kallonsu, tsoro ya tafi, da shi kuma dalilin wasan. Da na duba littafin da kyau da na ga yadda su suka yi wa irin wannan kariya awo. Sihirin ɓuya daga duba na mataki na 3 awa 8 yake yi, kuma kowane amfani yana cin garin lu'ulu'u na zinari 25 a kuɗin wasan. Sihirin kulle zuciya, wanda ya fi ƙarfi, mataki na 8 ne, awa 24, mutum ɗaya tak. Kowanne yana da lokacin ƙarewa da iyaka. Tawa layar ba ta da ko ɗaya.

Na yi niyyar ba ɗana shawarwari goma. Da na zauna rubutawa sai na ga ba su kai ba.

Ka ɗauki kati ɗaya ga kowane iska, ka rubuta abu uku kafin zama na farko: me yake gani, ta bakin wa ko ta wane abu labari ke isa gare shi, kuma bayan wane lokaci. Misali, sarauniyar kasuwa tana sanin duk cinikin da aka ce "na sayar" aka ce "na saya," nan take, amma kyauta da aro da sata ba ta ganinsu. Sarkin rafi yana jin duk maganar da aka yi kusa da ruwa mai gudu, ta isa gare shi da wayewar gari, ruwan randa kuwa kurma ne. Wannan ba baƙon tsari ba ne, littafin alloli na bugu na uku da ya fito a 2002 ya sa suna jin abin da ke faruwa a kewayen masu bauta musu da wuraren da aka ambaci sunansu, har tsawon awa ɗaya bayan ambaton. Ko sihirin tambayar alloli na bugu na biyar tambaya uku kawai ya ba ka, amsar i ko a'a, kuma ya yarda amsa na iya zuwa da "ba tabbas." Ka sa katin a ambulan, ka liƙe, ka ajiye a tsakiyar tebur kowa na gani. Ranar da aka kama su, za su san ba son ranka ba ne. Iskoki uku sun isa, kuma kada biyu su yi gani iri ɗaya, domin tsakanin ganin wannan da na wancan ne 'yan wasa za su bi. Ka kuma sa su gaba da juna, don wanda ya gano ƙarya ya sami dalilin yin shiru.

Kowane gurbin makanta ka dasa masa alama a wuri uku daban: tsohuwar da ba ta taɓa ciniki sai musaya, karin magana a bakin mai kwalekwale, hukuncin da iska ya yanke bisa kuskure shekaru da suka wuce. Ɗaya za su wuce ba su lura ba, ɗaya za su fahimta a karkace. Yaran yanzu ma sai ka ninka, don rabin hankalinsu na kan waya. Ina faɗa da zafi saboda na ga ɗana ya cika littafin rubutu da tarihin duniyarsa, sarakuna da yaƙe-yaƙe da sunayen taurari, amma da na tambaye shi abin da dodonsa ba ya gani sai ya tsaya yana kallona. Kowa so yake ya kai mataki na 20, ba wanda ke son ya zauna minti goma da kati ɗaya.

Kada a yi wa iska ƙarya ido da ido. A yi wa ɗan aikensa, ko bokansa, ko mai rubuta masa rahoto, waɗannan su ne ake jefa wa ɗan ludo a ma'auni 12 zuwa 18. Shi kansa da gaskiya ake yaudararsa, gaskiyar da aka jera yadda zai yanke hukuncin da yake so ya yanke. Hatta sihirin da'irar gaskiya, mai hana ƙarya na minti 10, bai hana mutum kauce wa tambaya ba muddin bai faɗi ƙarya ba. Maimakon jifa ɗaya mai yanke komai, ka zana da'ira a takarda ka raba ta gida shida, ka kira ta zargi. Duk kuskure ka cike gida ɗaya, babban kuskure gida biyu, a gabansu. A gida na uku ya aiko mai bincike, a na biyar ya kama wani da suke ƙauna, a na shida ya sani.

Idan za su ƙulla dabara, ka tashi ka ba su wuri, ka je ka duba janareta ko ka sayo musu ruwan leda. Abin da ba ka ji ba ba za ka sa a bakin iska ba. Ko da yake, a'a, kada ka fita kullum. Idan ba ka san shirinsu ba, ba za ka iya shirya gidan da za su shiga ba, sai su tarar da kai kana ƙirƙira a tsaye, kuma mai ƙirƙira a tsaye shi ne ke komawa ga "ai ya sani." Ka zauna ka ji, katin na gabanka, duk abin da suka faɗa ka auna shi da layuka ukun nan. Har yau ban gama yanke wanda ya fi ba, na yi duka biyun kuma kowanne ya taɓa ba ni kunya.

Ɗan nawa ya saurara, sannan ya ce, "To Kawu, idan suka ci nasara da wuri fa?" Na ce ka bar su su ci, saura iskoki biyu, kuma wanda aka yaudara zai gane wata rana. Na miƙa masa kati uku da ambulan. Zamansu na gaba Lahadi ne, na kuma ce ya kira yaron da ya kife takardarsa da kansa, kada ya tura saƙo a WhatsApp.