Ki rufe robar rilaksan nan tukuna

Jiya da daddare na leƙa ɗakin ɗiyar yayata na tarar da ita gaban madubi, ta tsaga kai gida huɗu, ta buɗe robar rilaksa, man miƙar da gashin nan, ga waya jingine tana kallon wata yarinya a TikTok mai nannaɗaɗɗen gashi har kafaɗa. Warin kawai na shaƙa gabana ya faɗi. Na ce ke me za ki yi? Wai "Anti kaɗan zan sa, minti biyar kawai, ya ɗan saki ya koma 3C." 3C ɗin lambar wani irin gashi ce mai nannaɗewa. Shekarunta 17 fa.

Wallahi abin da na faɗa kenan ina kamarta. Gashina irin cikakken nan ne mai ƙarfi, da ya ji ruwa sai ya takure ya koma ƙasa da rabin tsawonsa, kuma a bushe ake taje min shi da ƙaramin mataji ina hawaye, to ranar da aka fara sa min rilaksa na ji mataji ya wuce sumul ji na yi an cece ni. Ni har yau ban ga laifina sosai a nan ba, wa zai gaya miki a lokacin? Kowa sawa yake. Amma ƙarya nake in na ce ban sani ba, fatar kaina na ƙonewa ina cije baki ina cewa a ƙara minti biyu, washegari ga ɓawon ciwo a ƙeya gashi ya manne da shi, bayan sati shida in sake komawa. Shekara 9 ina haka. Da yawa daga rilaksan nan sodiyam haidirokisaid ne a ciki, soda kenan, tsinka abin da ke riƙe da murɗin silin gashi yake yi, kuma abin da ya tsinke ya tsinke har abada, sai dai sabo ya tsiro.

Da goshina ya fara haske na daina, sai na faɗa wata wautar. Na tara mayuka da jel cike da durowa wai sai nawa ya nannaɗe kamar na matan da nake gani a hoto, da ya ƙi sai na koma ƙarfen miƙar da gashi, ya ƙone min gaba ya bar shi tsaye kamar tsintsiya ko an jiƙa baya komawa. Almakashi ne ya raba mu. Gashi kuwa santimita ɗaya da ɗan kai yake yi a wata, ki lissafa jiran da na yi.

Lambobin nan da kuke ta rerawa, Andre Walker mai gyara wa Oprah Winfrey gashi ne ya fito da su a Amurka cikin shekarun 1990. Na 1 miƙaƙƙe, na 2 mai ɗan lanƙwasa, na 3 mai nannaɗewa kamar S, na 4 mai ƙananan murɗi a matse, harafin da ke bin lambar kuma, A zuwa C, daga sakakken murɗi ne zuwa matsattse, shi 4C ɗin ma daga baya aka ƙara. Siffar daga tushen gashi take fitowa can ƙarƙashin fata, ba man da ke isa wurin. Amma yaran yanzu baku tsayawa ku ji, bidiyon sakan talatin ya fi muku wadda ta yi asarar goshi.

Na yi niyyar jero muku abu goma, ba sai na kai can ba. Ki wanke kanki, kar ki shafa komai, ki bari ya bushe ki kalle shi, wannan shi ne naki, kuma kar ki yi mamaki in tsakiya daban ƙeya daban. Kar lamba ta dame ki. Ko da yake ki san taki, don ki daina kwaikwayon mai 3A.

In kina so murɗin ya fito ya zauna, da jiƙa ake aiki. Kwandishina mai yawa, ki warware da yatsu daga baki zuwa tushe, ki shafa jel tun yana ɗiga, sannan ki cire hannunki, ki cire shi na ce, har ya bushe. Tawul na hargitsa shi, tsohuwar riga mai laushi ta fi. Ruwa ne ke ba shi laima, man shafawa rufe laimar kawai yake, kuma ki kwana da hular satin. Wani 4C ɗin ko me kika yi ba zai nuna nannaɗi a fili ba, ki murɗa shi bibbiyu ya kwana ki warware da safe.

Na ce mata gashinki ne 'yata, ki yi yadda kika ga dama, sai kuma na ji na riƙe mata hannu ina cewa kar ki sa. Ta rufe robar tana tura baki, ba ta dai yar da ita ba, tana nan kan tebur. Anjima ni zan wanke mata kan da kaina.