An ce in ce an sayar da wasa

Ƙarshen watan nan zan bar sashen wasanni, kuma waɗanda muka yi zaman ɗakin labarai tare sun san ba jiya na fara haɗa kayana ba. Tun daminar 2021 raina ya fita daga wurin, ƙafa ce kawai ta ci gaba da zuwa saboda albashi. Ƙannen da suka shigo bayana sun sha tambayata abin da na koya a ɓangaren ƙwallon kwando, ɓangaren da kowa ke gudu domin sai ka kwana ido biyu kafin ka samu abin faɗa da safe. Mafi yawansa a kan wasa ɗaya na koye shi, wasa na shida tsakanin Milwaukee Bucks da Phoenix Suns a zagayen ƙarshe na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a wannan shekarar.

Kafin lokacin, ƙwallon kwando a tasharmu cikon benci ce. Sai an gama da Firimiya da Laliga, an karanta saƙonnin magoya bayan Barcelona da Madrid suna zagin juna, sannan a ce mini in yi sauri lokaci ya tafi. Watan Yulin 2021 ne ya sauya lissafi. Tauraron Milwaukee, Giannis Antetokounmpo, a Girka aka haife shi amma iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma a bencin ƙungiyar akwai Jordan Nwora mai buga wa Najeriya. Ana tsakiyar zagayen, ranar 10 ga Yuli, D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwandon Najeriya, suka doke Amurka da maki 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas. Nan da nan wayar sutudiyo ta fara ɗaukar zafi a kan wasan da a da ba mai tambaya. Shugaban sashenmu, wanda bai taɓa zama ya kalli wasan kwando daga farko zuwa ƙarshe ba, ya wayi gari yana da ra'ayi a kansa.

Ga waɗanda suka manta yadda aka zo nan: sai ƙungiya ta ci wasa huɗu cikin bakwai take ɗaukar kofi. Phoenix ta ci biyun farko a gidanta. Milwaukee ta rama biyu a nata gidan, sannan ta je har Phoenix ta ci na biyar da 123 da 119, bayan Jrue Holiday na Milwaukee ya fizge ƙwallo daga hannun Devin Booker na Phoenix saura daƙiƙoƙi a tashi. Wasa na shida ya faɗo ranar Talata 20 ga Yuli, wato ranar Babbar Sallah a nan, kodayake a agogonmu sai ƙarfe biyun dare za a fara.

NBA tana fitar da sunayen alƙalan wasa ne da safiyar ranar wasa, ƙarfe tara agogon New York, ƙarfe biyun rana ke nan a wajenmu. Ina tsugune ana fiɗar rago sunayen suka fito, kuma a sama akwai Scott Foster. Duk mai bin gasar ya san abin da sunan nan ke tayarwa idan Chris Paul, tauraron Phoenix a lokacin, yana fili. A lokacin Paul ya yi rashin nasara sama da sau goma a jere a wasannin fitar da gwani da Foster ya busa, tun yana Clippers, ya koma Houston, ya koma Oklahoma, har ya zo Phoenix. Wasa na uku na wannan zagayen ma Foster ne ya busa, Phoenix ta sha kashi da 120 da 100. Rashin jituwarsu ba a ɓoye take ba, Paul ya sha kuka da shi a gaban 'yan jarida.

Ban kai ga wanke hannu ba shugaba ya kira. Wani ya tura masa hoton lissafin nan a WhatsApp.

"Malam, ka ga abin da nake gani? Yau da yamma shi za ka buɗe da shi. Ka gaya wa mutane an riga an sayar da wasa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan kawo maganar alƙalin, har lissafin zan karanta. Amma an sayar, wannan ba ni da hujjarsa."

"Hujja kuma? Kotu muke? Kai dai ba ka san abin da mutane ke so ba."

Ba wai zargin alƙalan NBA ba shi da tushe ba ne, kuma na faɗa masa haka. A 2007 asirin Tim Donaghy ya tonu, alƙalin wasan da ke caca a kan wasannin da yake busawa, aka yanke masa wata 15 a gidan yari a 2008. Bayanan waya sun nuna ya kira Foster sau 134 cikin 'yan watanni a wancan lokacin. Sai dai binciken da aka yi bai kama Foster da komai ba, ya ci gaba da aiki, har ya zama cikin waɗanda hukumar ta fi ɗora wa manyan wasanni. Wannan na ƙarshen shi ne abin da masu yaɗa lissafin ba sa faɗa. Alƙalin da ake ba manyan wasanni, wasannin da ƙungiyoyi masu ƙarfi ke haɗuwa yake busawa, inda kowa zai iya faɗuwa. Lissafin yana da ban mamaki, ban musa ba. Tsakanin abin mamaki da cin hanci kuwa akwai tafiya mai nisa, kuma sunan mutum ne za a kira a iska.

Da yamma na shiga sutudiyo na yi hasashena. Na ce Milwaukee za ta ɗauki kofi a daren, na kawo dalilai. Dario Saric ya ji rauni a gwiwa tun wasan farko, don haka Phoenix ba ta da wani dogo abin dogaro idan Deandre Ayton ya zauna. An ga haka a wasa na uku, da Ayton ya tara laifi huɗu tun farkon zubi na uku, cikin zubi huɗu da ake raba wasa, aka janye shi, Giannis ya yi yadda ya ga dama a ƙarƙashin kwando har ya tashi da maki 41. Holiday kuma ya manne wa Paul tun daga can bayan fili, yana gajiyar da mutumin da ya kai shekara 36. Na ce idan akwai abin sa ido a busa, to biyu ne. Na farko, yadda za a hukunta karon da ake yi idan Giannis ya kutsa, domin laifi shida ke fitar da ɗan wasa, kuma laifi biyu da wuri a kan Ayton sun isa su rusa shirin Phoenix. Kocinsu Monty Williams ya riga ya yi ƙorafi bayan wasa na uku cewa ƙungiyarsa gaba ɗaya jifan kyauta 16 ta samu, mutum ɗaya a can ya samu 17. Na biyu, dokar daƙiƙa goma: an ba mai jifan kyauta daƙiƙa goma ya saki ƙwallo, Giannis yakan wuce, 'yan kallon Phoenix suna ƙirga masa da ƙarfi har su haura goma, alƙalai suna kawar da kai. Na kuma tuna wa masu sauraro cewa kuskuren busa mafi girma a zagayen Phoenix ya yi wa daɗi. A wasa na huɗu Booker yana da laifi biyar ya rungumo Holiday a fili ƙarara, ba a busa ba, kuma bayan wasan shugaban alƙalan ranar, James Capers, ya amsa cewa laifi ne. Da an busa, Booker ya fita.

Ina cikin wannan bayanin na hango shugaba ta gilashi yana yi wa furodusa alama da hannu. Aka katse ni da talla. Da aka dawo, abokin aikina mai gabatar da ƙwallon ƙafa aka miƙa wa maganar, shi kuma bai ɓata lokaci ba. Ya ce jama'a su je su yi barcinsu su ci namansu, Turawa sun gama shirya abinsu, an kawo alƙalin da zai ba Milwaukee kofi. Wayoyi suka rinƙa shigowa har aka ƙara wa shirin lokaci.

Milwaukee ta ci da 105 da 98, kofinta na farko tun 1971. Giannis ya zuba maki 50. Mutumin da ya ci huɗu kacal cikin jifan kyauta 11 a wasa na biyar, a wannan daren ya ci 17 cikin 19. Phoenix ce ma ke gaba da 47 da 42 a hutun rabin lokaci, kuma an shiga zubin ƙarshe kunnen doki, 77 da 77. Booker ya yi jifa 22 ya ci takwas, ya gwada na maki uku sau bakwai bai ci ko ɗaya ba. Babu usur ɗin da ke sa ƙwallo ta ƙi shiga kwando daga nesa. Paul da kansa ya ci maki 26. Na kalli wasan duka, na sake kallonsa bayan na yi barci, ina neman busar da zan ce ita ta juya wasa, ban samu ba.

A taron farko bayan hutun Sallah, shugaba ya miƙe ya yaba wa abokin aikina a gaban kowa, ya ce shi ne ya hango abin da zai faru. Ni da na faɗi wanda zai ci, na faɗi ta inda za a ci, aka ce shirina ya yi kama da lacca, wai ina kare Bature. Sati bai zagayo ba aka haɗe ɓangarena da nasa, ya zama shi ke magana ni ke rubuta masa sunayen 'yan wasa da yadda ake furta su. Ba a taɓa kirana an ce ga laifina ba. Da na nemi ganin shugaba, cewa ya yi, "Kai matsalarka ilimi ya yi maka yawa."

Abin da ya daɗe yana cina shi ne na gane dalilin da ya sa irin hasashensa ya fi nawa kasuwa, kuma ba abin da zan iya yi a kai. Wanda ya ce an sayar da wasa ba ya faɗuwa. In Milwaukee ta ci, ga shi ya faɗa. Da Phoenix ce ta ci, sai ya ce sun fi ƙarfin maƙarƙashiya, ko kuma hukumar tana son a kai wasa na bakwai don kuɗin talla. Kamar bokan da ya ce wa mai ciki akwai maƙiya a kanta ne: ta sauka lafiya aikinsa ne ya ci, ta samu matsala dama ya faɗa. Ni kuwa da na ce a duba laifukan Ayton da hannun Holiday, na ba kowa sandar da zai auna ni da ita washegari. Shugaban da ke ƙirga kiran waya ba zai taɓa zaɓar na biyun ba. Ga kuma samarin da ke yankar tikitin caca suna sauraronmu, waɗanda in ka ce musu an shirya wasa sai su ji kamar ka ba su sirri, su ƙara kuɗi. Wannan bai taɓa damun kowa a taronmu ba.

Sauran darussan ba su da tsawo. In za ka yi hasashe, ka faɗi dalilin da za a iya kama ka da shi, in ba haka ba surutu kake. Kada ka yi maganar alƙali kafin ka karanta rahoton minti biyun ƙarshe da NBA ke fitarwa tun 2015 a kan wasannin da aka yi kankankan. A ciki suke amsa kurakuransu, ko da yake amsawar ba ta taɓa mayar wa kowa da wasansa ba. Ka ajiye kwafin duk shirin da ka yi a wayarka, domin ranar da za a ce ba ka faɗa ba tana zuwa, kuma na'urar tasha takan manta abin da shugaba ke son ta manta. In an ba ka umarnin da ba ka yarda da shi ba ta waya, ka ce a rubuto maka. Kada ka koya wa wanda aka ɗora a kanka furta sunan Antetokounmpo kyauta.

Wasu za su ce da na bi umarni na faɗi jimla ɗaya, da yanzu ina nan da shirina, wataƙila ma da ƙarin girma. Haka ne. Abokin aikin nawa ba mugu ba ne, muna gaisawa, na je sunan 'yarsa. An ce ya faɗa ya faɗa, kuma shi bai ɗauki ƙwallon kwando a matsayin abin da ya kai a yi rigima a kansa ba. Ni ne na ɗauka.

A watan Afrilun 2023 Phoenix ta doke Clippers a wasa na biyu na zagayen farko, Chris Paul yana fili, Scott Foster yana busa. Jerin rashin nasarar da aka gina wancan shirin a kansa ya yanke a daren. Na rubuta labarin a layi uku na sa a cikin takardun shirin safe. Shugaba ya duba ya ja masa layi da biro, ya ce ba lokaci, akwai wasannin Zakarun Turai.