Sunan 'yarmu a Suwidin

Alhamdulillah matata ta sauka lafiya nan Malmo, mace aka samu, sai maganar suna. Ita 'yar Suwidin ce, tana so yarinya ta ɗauki sunan ƙasarsu. Freja ta fara kawowa, sunan da daɗi wallahi amma abar bautar kakanninsu ce kafin Kiristanci, zuciyata ba ta kwanta ba. Nora kuma Hajiya ta ce a waya ai za a riƙa jin Nura a Kano, na maza. Hukuma nan wata 3 take bayarwa a yi rijista, mu kuwa ran bakwai ake raɗa suna. Mun tsaya kan Maryam Linnea, ita Linnea wata 'yar fure ce ruwan hoda mai fitowa bibbiyu a dazukansu. Ku sa mana ita a addu'a.