Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Usur a Filin Jami'a

A makon jiya na tsaya a inda aka fara ba ni alƙalancin wasannin ƙwallon ƙafa da tsangayoyi ke bugawa tsakaninsu. A nan ake tace waɗanda za su wakilci jami'a a gasar NUGA, wato gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wadda aka fara a Ibadan a 1966, don haka kowane yaro da zafinsa yake shigowa fili.

Hura wa ɗalibai usur daban yake da hura wa 'yan kulob. Ɗan kulob tsaki zai yi ya wuce. Ɗalibi kuwa tsayawa zai yi ya kawo maka hujja, musamman 'yan tsangayar shari'a, Allah ya shirye su. Mintuna goman farko duk gwaji ne: a ja riga, a taka ƙafa, a saci kallonka. In ka yi shiru sun samu ƙofa, in ka cika hurawa wasan ya mutu. Sai na koma yin magana kafin usur. "Lamba huɗu, na gan ka fa." Yawanci hakan ya isa.

Inda muka fi gogawa shi ne 1992, da aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Hannu ya riga ya saba. Ɗan baya ya tura, gola ya cafke, na hura na ɗaga hannu sama, alamar bugun da sai wani ya taɓa kafin ya zama ci. Mutum goma sha ɗaya suka jeru kan layin raga. Kyaftin ya biyo ni yana haki: "Haba Malam, tun muna firamare haka muke yi!" Na ce, "Kyaftin, firamaren ta wuce."

Daga nan kafin take wasa nakan tara kyaftin-kyaftin da gololi in maimaita musu dokar. Su ma ba su zauna ba. Da suka gane mayarwa da ka ko ƙirji halal ce, sai wani ya riƙa cilla ƙwallon sama da ƙafa, ya sa mata kai zuwa ga gola. Dabara ce mai kyau, har ta ba ni dariya, amma katin gargaɗi ne hukuncinta, kuma na ba shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin tafiyarmu wasan share fage na shiyya.