Yini guda a tudun Goodwood

Da sassafe muka bar Landan, ni da ƙanena, muka hau jirgin ƙasa daga tashar Victoria zuwa Chichester a kudancin Ingila. Daga nan bas ta kwashe mu zuwa Goodwood, inda ake bikin gudun motoci kusan duk shekara tun 1993. Tun muna cikin jirgi musu ya kaure tsakaninmu. Shi yana karatun injiniyanci, kuma a ganinsa zamanin injin fetur ya wuce. Ni kuwa kukan inji ne ya sa na fara son mota tun ina yaro.

Hanyar da ake tseren a kanta siririya ce, tsawonta kilomita 1.86, ta ratsa gaban babban gidan ta haura tudu, an jera damman ciyawa gefe da gefe. Da ƙyar muka sami wurin tsayawa. Muna nan sai ga Rimac Nevera, motar Kuroshiya mai aiki da lantarki zalla, mai ƙarfin doki 1,914. Ta wuce kamar walƙiya, ba abin da na ji sai shuu ɗin iska da kukan taya. Ƙanena ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, ka gani ko? Kowace taya da nata injin lantarki, kwamfuta ce ke raba musu ƙarfi a kwana." Na gani, kuma na jinjina. Amma motar ta haura tan biyu, kuma batir ne ya jawo babban kaso na wannan nauyi.

Inda na fi daɗewa shi ne rumfunan da ake ajiye motocin, a gaban T.50, motar fetur ta mai zana motoci Gordon Murray. Na durƙusa a bayanta ina kallon fankar nan mai faɗin santimita 40 da aka dasa tsakanin fitilun baya, wadda ke zuƙe iska daga ƙarƙashin motar don ta ƙara manne wa kwalta. Kujerar direba a tsakiya take, fasinja biyu a gefensa, ɗan baya kaɗan. Giyar hannu ce, da kulochi. Injinta mai silinda 12, wanda kamfanin Cosworth ya ƙera, yana juyawa har sau 12,100 a minti, kuma motar gaba ɗaya ba ta kai tan ɗaya ba. Da aka tayar da ita, sai da na ji ƙarar a ƙirjina.

Wani dattijo da ke kusa ya ji muna gardama ya sa baki. Ya ce ya yi shekaru yana gyaran motocin tsere, kuma a wurinsa duk kilo ɗaya da aka ƙara wa mota sai burki da taya sun biya kuɗinsa. Ƙanena ya ce, "Baba, to ina ka bar McLaren P1?" Dattijon ya yi shiru, sannan ya gyaɗa kai. Nan ne hirar ta yi daɗi. A 2013 motoci uku suka fito kusan a tare, LaFerrari da P1 da Porsche 918 Spyder, dukkansu masu haɗa fetur da lantarki. Injin P1 turbo biyu gare shi, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi, kuma turbo sai hayaƙin salansa ya yi ƙarfi yake farkawa, don haka idan ka taka totur akwai ɗan jinkiri kafin ƙarfin ya zo. Injin lantarki ba ya jira, yana bayar da ƙarfinsa tun daga tsaye. Shi ne ke cike wannan giɓi har turbo ya kama. Wannan dabara ta shiga raina ƙwarai, domin a nan batir hidima yake yi wa injin, kuma ƙarami ne, bai danne motar da nauyi ba.

Wani saurayi ya kawo zancen Ferrari F80 ta 2024, yana takaicin an sa mata silinda 6 maimakon 12. Nan take wasu suka taso masa, suna cewa tushen injin daga motar da ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa yake. Ban tsoma baki ba, amma zuciyata tana tare da saurayin.

Da yamma, a jirgin komawa, ƙanena ya tuna mini cewa mafi saurin hawa tudun nan ita ce McMurtry Spéirling, mai lantarki, daƙiƙa 39.08 a 2022. Na ce masa ita ma fanka ce sirrinta, kuma 'yar mitsitsiya ce. Ya yi murmushi ya miƙo mini wayarsa, ashe bidiyon T.50 ya ɗauka lokacin da aka tayar da ita. Muka saurara sau uku kafin mu isa Landan.