Sati na 9 da komawa ɗaga ƙarfe, kafaɗar dai tana nan tana lallaɓawa

Salam 'yan uwa masu koyo. Tun sati na shida ban sake rubuta komai ba, ba wai na daina ba ne, aiki ne ya sha min kai. Ga waɗanda ba su san labarin ba, a taƙaice dai kafaɗar dama na ji wa ciwo a kan benci, wato atisayen da ake kwanciya rigingine a tura sanda mai nauyi daga ƙirji zuwa sama, kilo 100 na ɗora alhalin abin da na saba ɗagawa da kyau 85 ne, kuma ba komai ya ja ba sai don ranar jim ɗin ya cika ana ta kallo ana zuga ni. Sandar ta sauko, na tura, na ji wani abu ya yi ƙas, shikenan. Wata bakwai ban taɓa ƙarfe ba.

Hajiyarmu ta dage sai an kai ni wajen mai ɗori, ni kuma na ce a fara ɗaukar hoto tukunna, a Asibitin Ƙashi na Dala aka duba aka ce babu karaya babu gocewa, jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ce ta samu matsala. Mai fisiyon, wato ma'aikaciyar asibiti mai gyaran gaɓɓai ta hanyar atisaye, ita ce ta yi min bayanin da har yau nake amfani da shi, ta ce akwai wasu ƙananan tsokoki guda huɗu da suka zagaye kafaɗa, su ne ke riƙe kan ƙashin hannu a gurbinsa, mu kuma 'yan benci sai mu yi ta gina ƙirji mu bar waɗannan a baya, ranar da nauyi ya fi ƙarfinsu su ne za su fara kuka. Kuma ta ja min kunne cewa tsoka tana dawowa da wuri ga wanda ya taɓa ginata amma jijiya a hankali take ƙarfi don jini bai cika isarta sosai ba, wato za ka ji kamar za ka iya alhalin jijiyar ba ta shirya ba. Nan ne mutane ke sake jin ciwo.

To ga lissafin daga littafina. Sati biyun farko roba kawai nake ja da dambel, ƙaramin ƙarfen nan na hannu ɗaya, mai kilo 3, ina manne gwiwar hannu a jikin haƙarƙari ina buɗe hannun waje, sau 15 seti uku, wato in yi 15 in huta in sake har zagaye uku. Sati na uku na hau benci da sanda zalla, ita kanta kilo 20 ce in irin ta gasa ce, sati na huɗu 25, na biyar 30, daga nan na koma ƙara biyu da rabi duk sati, 32.5 sai 35 sai 37.5. Af, ƙananan farantan ƙarfen nan da ake zurawa a gefen sanda masu kilo 1.25 sai da na yi cigiya, ashe ɗaya da shi ake tokare ƙofar bayi, ɗayan kuma yana ƙarƙashin fanka. Ba wanda ke kula su a jim ɗinmu, wai na yara ne.

Wannan satin na gwada 40 ranar Talata, seti na biyu sau na shida na ji suka a gaban kafaɗar, ba tsamin jiki ba, ku da kuke farawa ku rarrabe su don Allah. Tsamin jiki sai washegari ko bayan kwana biyu yake zuwa, ya mamaye tsokar gaba ɗaya, in ka motsa jiki ya ɗumama sai ya ragu. Suka kuwa nan take take zuwa a waje ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa. Na ajiye. Ranar Juma'a na koma 35, na matso da hannuna ciki kaɗan na daina buɗe gwiwar hannu kamar fiffike, lafiya lau aka gama. Jiki magayi.

Amma gaskiya ba kafaɗar ce ta fi wahalar da ni ba, kunya ce. Fisiyo ta sallame ni tun wata na biyar, sauran wata biyun ni na zaunar da kaina. Sau biyu ina zuwa har bakin get a kan mashin in ji kiɗa da ƙarar ƙarfe daga ciki sai in wuce kamar dama hanya ce ta biyo da ni. Na yi tumbi, hannu ya zube, rigar da da take kama ni yanzu lilo take a kafaɗa ta matse a ciki, kuma abin da ya fi ci min rai yaran da ni na koya musu yadda ake kama sanda yanzu su ne ke ɗaga 80, ni zan zo in kwanta a gabansu da sanda ba faranti ko ɗaya? Wlh har mafarkin abin na yi.

Dabarar da na fara yi ita ce zuwa bayan sallar asuba, lokacin ba kowa sai wasu dattawa biyu da likita ya sa su motsa jiki saboda hawan jini da suga, suna kan keke suna hirar siyasa da tsadar taki ba ruwansu da kai. Da doguwar riga mai hannu nake zuwa, in juya wa madubi baya. Na yi sati uku a haka, kuma ban ga laifin hakan ba, duk wanda ido ke damunsa ya fara da lokacin da ba mutane, ya fi zaman gida. Illarsa dai ba mai tsaya maka a benci ya kama sandar in ta fi ƙarfinka, kuma da sanyin safiyar hunturun nan sai ka ninka lokacin ɗumama jiki, ni minti goma sha biyar nake yi kafin in taɓa sanda.

Ranar da aiki ya tilasta min zuwa da yamma kuwa gabana faɗuwa yake kamar zan shiga jarabawa. Na shiga, aka yi ta oyoyo, ina ka shige, ya jiki, minti biyu kowa ya koma kan abinsa. Wani yana ɗaukar kansa bidiyo, wani yana kallon damtsensa a madubi, NEPA suka ɗauke wuta aka hau ƙorafin zafi. Ina kwance da kilo 30 sai ga ɗaya daga cikin yaran nan ya zo ya tsaya a kaina, ya ce Yaya bari in tsaya maka, na ce haba ai talatin ce, ya ce ai kai ka ce mana ko sanda zalla ce kada a yi benci ba mai tsaro. Ban ma tuna na faɗa ba. Da na gama ya zauna gefena yana tambayata atisayen robar, ashe shi ma tasa kafaɗar ta fi wata tana damunsa da dare in ya kwanta a kanta, yana ɓoyewa kada a ce ya yi laushi. Na ce ya je a duba shi, ni ba likita ba ne, amma ya sauke nauyin tun yau.

Akwai dai mai baki ɗaya, ba a rasa su, ya ce Oga yau kuma wasan yara ake? Ya min zafi ba zan ɓoye ba, har na miƙa hannu zan ƙara faranti goma goma, sai kocinmu ya dafa sandar ya ce Malam me littafinka ya ce? Littafi ya ce 30. Aka tsaya a 30. Shi ya sa nake rubuta nauyin tun daga gida kafin in fito, don in na shiga cikin mutane kaina ba ya aiki daidai, abin da ya faru ranar kilo 100 kenan.

Abinci ba wani abin a zo a gani, ƙwai uku da safe, wake da shinkafa ko ɗanwake da rana, awara da yamma, kifi in aljihu ya yarda, garin furotin na kanti kam kuɗinsa ya fi ƙarfina. Sukwat, wato tsugunno da sanda a bayan kafaɗa, ya dawo kilo 60 ba matsala sai dai riƙe sandar a baya yana ɗan ja min kafaɗa, na faɗaɗa kamun. Ɗaga ƙarfe sama da kai har yanzu ban fara ba sai na koma an duba ni ƙarshen wata.

Sati mai zuwa 35 zan maimaita Talata da Juma'a, in ba suka sai 37.5. Farantan 1.25 ɗin kuma na roƙi koci ya sa su a durowa, na kawo rabin bulo na ajiye musu a ƙofar bayin.