Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Taura Biyu

Makon jiya na tsaya a daidai lokacin da motar da ta ɗauko ni daga Kano ta karya kwana a Kwangila, ta kama hanyar Samaru. Shekara huɗu rabona da gida, ina can Amurka. Da muka zo wucewa ta gaban Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama sai na roƙi direba ya rage gudu. Tun 1964 makarantar nan take wurin, kuma ƙananan jiragenta da ke shawagi a saman gidanmu na Palladan su ne suka fara sa min ciwon son tuƙin jirgi tun ina firamare. Daga baya na karanta injiniyanci a Jami'ar Ahmadu Bello, amma ko a aji na ji ƙarar jirgi sai na ɗaga kai.

Bayan sallar isha'i Kawu ya zo. Tsohon soja ne, a Daffo na nan Zariya aka horar da shi, kuma a wurinsa soja mutum ne da gwamnati ta saye shi dare da rana. Na durƙusa na gaishe shi, ya daɗe yana kallona.

"Ɗan nan, gaya min gaskiya. Uwarka ta ce kai injiniya ne, ƙannenka sun ce sojan sama ne. Wanne ne a ciki?"

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, duka biyun ne."

Na yi masa bayanin yadda abin yake a Amurka. Suna da rundunar sojan sama ta ko-ta-kwana a kowace jiha, wadda yawancin mutanenta suna da sana'arsu ta farar hula. A takarda, Asabar da Lahadi ɗaya ce a wata, sai kamar mako biyu a shekara. Wannan lissafin bai shafi matuƙi ba. Hannun matuƙi yana mantuwa da wuri, don haka dole a kai a kai ka tashi, ka sauka da rana, ka sauka da dare, ka shiga na'urar gwaji, likita ya duba ka. In ka bari wa'adin ɗaya ya wuce, ba za ka sake jan jirgi ba sai da malami a gefenka. Jirgin da nake tuƙawa C-130 ne, mai inji huɗu, na ɗaukar kaya da dakaru. Nan fuskar Kawu ta saki, don sojan saman Najeriya ma suna da irinsa, kuma ya ce ya taɓa shigarsa.

Abin da ya fi wuyar fahimta shi ne yadda mako yake tafiya. Litinin zuwa Juma'a ina kamfanin da ke ƙera manyan famfunan tura ruwa, ina zane da lissafin ƙarfin ƙarfe. Ranar da nake da tashin dare, nakan bar ofis da rana, na yi tuƙin awa biyu zuwa sansani, na sauya kaya a ɗakin ajiya. Doka ta tanadi hutun awa 12 kafin aikin tashi, ba ruwanta da cewa gobe za a gwada injin da ka shafe wata shida kana zanawa. Sau da yawa na dawo gida ƙarfe biyu na dare, na yi asuba, na koma gaban kwamfuta idona kamar garwashi.

Akwai wata doka ta 1994 da ta hana kamfani korar ma'aikaci don ya tafi aikin soja, ta kuma wajabta a mayar masa da gurbinsa. Kamfaninmu bai taɓa karya ta ba. Amma da aka tura mu waje na wata huɗu, na dawo na tarar an damƙa wa wani aikin da ni na haƙa harsashinsa. Ba wanda ya faɗa min magana marar daɗi. Teburina yana nan, albashina yana nan, sai dai an daina kirana taron da ake yanke shawara. Abin ya yi min zafi, kuma har yau ban iya cewa sun yi kuskure ba, tunda famfo ba zai jira ni ba.

Duk wannan Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta cika sa baki a maganata ba. Ranar ta sa.

"Yaya, ka tambaye shi, hutun da ake ba ma'aikata fa, ina yake kai nasa?"

Na san inda ta dosa. Kwanakin hutuna na ofis, waɗanda abokan aikina ke kai wa iyayensu, ni sansani nake kai wa, don kada albashi ya yanke. Wata bakwai Baba ya yi yana jinya. Sau uku na ce ina tafe, sau uku jadawalin tashi ya ci tafiyar. Ina cikin jirgi a ƙasar da ba zan ambata ba aka yi masa sallah aka kai shi.

Kawu ya sunkuyar da kai. Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Taura biyu ba ta taunuwa. Malam bai yi fushi ba. Kullum jirgin makarantar nan ya wuce sai ya ce a ɗaga masa labule."

Ban runtsa ba a daren. A jakata akwai takardar sabunta alkawarin aikin sojan, wadda aka ba ni wata guda in sa wa hannu ko in mayar. Da gari ya waye, hazo ya rufe ko'ina, ba jirgin da ya tashi. Kawu ya turo yaro ya ce in fito, zai raka ni maƙabarta ya nuna min wurin.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.